Shekarar da Na Ce Na Bilki Za A Yi

Da sunan Allah na buɗe wannan littafi, da sunansa kuma zan shiga babin da ya fi kowanne yi min nauyi. Sau biyu ina tsallake shi. Na rubuta muku ƙuruciyata a Sule Tankarkar, na rubuta aurena da mahaifinku, har rigimar filin bayan gida ban bari ba, amma duk na iso nan sai in tuna ina da wanki.

Abin da ya sa dole in zauna yau shi ne labarin nan da kuke maimaitawa kowace Sallah in kun cika min tsakar gida. Wai Umma mai hangen nesa ce. Wai tun Bilki tana 'yar shekara goma sha biyar na gane kanta na kwamfuta ne, shi ya sa na zaɓa mata yaren da take cin abinci da shi yanzu. Har jikokina sun haddace, suna ba ni labarin kaina. Ni kuwa in yi murmushi in ce a duba tukunya. To, ba haka aka yi ba, kuma ba na so in bar duniya ana yabona da abin da ya kamata in nemi gafara a kansa. Mutum ɗaya a cikinku ba ta taɓa sa baki in ana wannan hira, tashi take yi ta hau tattara kwanuka. Ku lura bana ku gani.

Bilki 'yar ƙanena Sale ce, direban babbar mota a Maigatari, wanda ya rasu tana da shekara shida. Da mahaifiyarta Hansatu ta fita takaba ta sake aure a Sule Tankarkar, dangi suka ce ni zan riƙe yarinyar. Saudatu, autata, ta girme ta da wata bakwai kacal. Ranar da aka kawo Bilki, ta durƙusa ta ce, "Gwaggo ina wuni." Na ce mata a gidan nan babu Gwaggo, Umma ce kawai, kuma daga ranar ban sake jin wancan sunan a bakinta ba. Na kafa wa kaina doka irin wadda na taso a kai. In an yanko atamfa biyu, Bilki ce za ta fara zaɓa. In tsokar nama ɗaya ta rage, tata ce. In sun yi faɗa, Saudatu zan fara yi wa tsawa kafin in ji ba'asi. Ku yaran yanzu kalmar kara ma sai an yi muku bayani, amma mu da ita aka auna mutuncin mace: ki danne naki, ki ɗaga na wani, kada a ce kin nuna bambanci. Ni kaina 'yar riƙo ce, haka gwaggona ta yi min, kuma na sha daɗin abin. Ban taɓa tambayar kaina yadda 'yar cikinta ta ji ba sai da na tsufa.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina buga tafireta a sakateriyar ƙaramar hukuma a nan Gumel. Da yatsu goma nake bugu, ba na duban madannai, in kuma na jera takarda uku da kabon a tsakani, ta ƙasan ma tas take karantuwa. Babban akawun da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, rula yake ɗora wa wasiƙa. In sakin layi ya shige ɗan'uwansa ko da faɗin ƙwayar gero ne, zai ajiye min ita a gabana ya juya, ba zai ce uffan ba. Da aka kawo kwamfuta ofis, samari aka tura kwas, mu tsofaffin hannu aka ce mu lallaɓa da tafireta kafin lokacinmu ya cika. Na yi ritaya ban taɓa danna ta ba, na kuwa fito da haushinta a raina. In an ambace ta a gida cewa nake yi ai tafireta ce da ta samu gata.

Malam, mahaifinku, gonarsa ta gado tana Gagarawa, kuma duk damina a kan babur yake yin ta, ya tafi da safe ya dawo da La'asar. Ku kun san bangon zaure, jikoki ne ba su riske shi ba. Daga ranar da aka yi ruwan farko, kowace safiya in ya dawo masallaci zai ɗauki gawayi ya tsaya a bangon ta ciki. In jiya an yi ruwa ya ja dogon layi, in ba a yi ba ya ɗiga ɗigo. Kowace shekara da jerinta, wani a ƙarƙashin wani, har jeri goma sha huɗu kafin shekarar da zan ba ku labari, kuma ya hana kowa shafar wurin. Abin da yake so ya sani shi ne kwana nawa ruwa yake ɗaukewa bayan ya sauka, don sau biyu yana shuka gero da ruwan farko rana ta ƙone masa shi. Sai ka gan shi tsaye yana bin ɗigo da yatsa yana ƙirgawa, wani ya yi sallama ya ɓata masa, ya sake komawa farko. Na sha yi masa tsiya cewa bangon ya fi ni samun hira.

A shekarar da na yi ritaya ne wata 'yar bautar ƙasa da ke koyarwa a makarantar su Saudatu ta ara mata wasu takardu na koyon yaren kwamfuta. Yaren kwamfuta, ga wanda bai sani ba a cikinku, hanya ce ta rubuta wa na'ura umarni layi bayan layi, ita kuma ta bi. Wannan sunansa Python. Makarantar tana da ɗakin kwamfuta, amma kullum a kulle saboda rashin wuta. Saudatu ta samo littafin rubutu mai koren bango ta zauna tana kwafe takardun da hannu, da fensir da rula, wata biyar tana abu ɗaya. Ba ta da na'urar da za ta gwada, sai ta bi kowane layi da tsinin fensir tana yin abin da na'urar za ta yi. Wata rana na leƙa ta kafaɗarta, na ga layukan sun shiga ciki a jere, wasu taki ɗaya wasu taki biyu, gefensu a miƙe sak.

"Wa ya koya miki tsara gefe haka?" na tambaye ta.

"Dokar yaren ce, Umma. In layi bai shiga ciki daidai ba, ƙin aiki yake yi."

"Ashe shi ma ya zauna a ƙarƙashin babban akawu."

Ta yi dariya har ta kifa kai a kan littafin. Ban gaya mata ba, amma tun daga ranar nake son abin.

Ita ce ta dami babban yayanku da waya, kun san ba na kama sunansa ko a rubuce, har ya gaji ya kawo tsohuwar kwamfutarsa ta ɗorawa a cinya daga Kano, a farkon dogon hutu. Baƙa ce mai nauyi, harafi ɗaya ya ɓalle an manne shi da gam, batirinta kuma awa biyu yake yi ya mutu. Wuta a unguwarmu sai an ga dama, don haka kullum da safe sai an kai ta shagon cajin waya na bakin titi. Ya zuba darussan yare biyu a ciki, Python ɗin Saudatu da wani wai shi JavaScript, wanda ake yin shafukan intanet da shi. Da zai tafi ya durƙusa a gabana.

"Umma, ke ce alƙali. Ku zaɓi ɗaya ku bi shi har hutu ya ƙare. Da wannan batirin, in kuka haɗa biyu ba wanda zai zauna muku."

"Ni me ya haɗa ni? Su dai su koya."

"Ai da ke za a yi. Waɗannan yatsun naki hutun me suke yi?"

Na ce masa ya kama hanya kada dare ya yi masa. Amma na yarda da maganarsa, don mu ma a wurin koyon tafireta ba a barin mutum ya taɓa inji biyu sai hannunsa ya zauna a ɗaya. Na ce wa yaran kowa ta duba, ranar Alhamis zan yanke.

Kwana huɗun nan gidan ya yi daɗi. Saudatu ta zo min da hujjoji kamar lauya: nata ya fi sauƙin karantawa, ba shi da tarkacen alamomi, kuma ta riga ta yi rabin hanya a takarda. Bilki kuwa ba ta taɓa damuwa da kwamfuta ba, lalle ne abinta, duk yaran unguwa da zanenta suke yawo a hannu. Sai da ta buɗe darasin ɗaya yaren ta ga an danna wani wuri launi ya sauya daga ja zuwa shuɗi, sannan ta ce ita wannan take so, za ta yi shafi ta jera zanenta a kai. Kun san 'yar mace da 'yar namiji, taubasan juna ne, bakinsu ba ya hutawa.

"Ke komai sai an sa masa kwalliya," in ji Saudatu.

"Ke kuma komai sai baƙin allo da farin rubutu, kamar ana zaman makoki."

Malam yana alwala yana jin su, ya ce, "Ni ku gaya min, a cikin biyun wanne ne ya san ruwa?"

Saudatu ta ce, "Nawa zai sani, Baba. Ka ba ni hutun nan kawai."

Ban fahimci abin da take nufi ba a lokacin. Amma zuwa ranar Laraba na riga na yanke a raina cewa na Saudatu za a yi. Ita ta nema, ita ta wahala, kuma ita Bilkin ma ta fara saki, don da yamma na ji tana cewa ko wanne aka yi ita dai a bar ta ta riƙa dannawa. Ku riƙe wannan da kyau: ranar Laraba na san gaskiya.

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Bayan Azahar sai ga sallamar Hansatu, ta dawo daga kasuwa ta biyo ta ga 'yarta kafin ta nemi motar Sule Tankarkar. Tare take da wata maƙwabciyarta da ban sani ba, mace mai yawan kalle-kalle, irin wadda kafin ta zauna ta gama ƙirga kwanukan ɗaki. Sun kawo cuku da dabino. Na shimfiɗa musu tabarma a rumfa, ga kwamfutar a kan kujera an dawo da ita daga caji. Hansatu baiwar Allah ce, ba ta da mugun nufi ko kaɗan. Ta dube ta da sha'awa ta ce,

"Yaya, wannan ce kwamfutar da aka kawo wa Saudatu?"

Na ji maganar har tsakiyar kaina. Aka kawo wa Saudatu. Na ga maƙwabciyar ta dubi Bilki, ta dubi kwamfutar, ta sake duban Bilki. Nan take na hango yadda zancen zai sauka a Sule Tankarkar, garin da aka san ni tun ina tallan gyaɗa: an saya wa 'yar gida na'ura, marainiya tana kallo.

"Ba ta Saudatu ba ce," na ce. "Ta yara ce."

Daidai nan Saudatu ta fito daga ɗaki da koren littafinta a ƙirji. Ta gaishe da baƙi, sannan ta matso kusa da ni ta rage murya, fuskarta cike da fara'a.

"Umma, yau kika ce za ki yanke."

Da na ce mata a bari baƙi su tafi, da shi ke nan. Kalma biyar ce. Amma ban faɗe ta ba, sai ma ɗaga murya na yi yadda kowa zai ji.

"Na Bilki za a yi."

Bilki ta ɗago da sauri ta ce, "Umma, ai ni ko wanne..."

"Na gama magana."

Hansatu ta hau sa min albarka, tana cewa Allah ya bar zumunci, Allah ya jiƙan Sale ya ga abin da ya bari a hannu nagari. Maƙwabciyar ma ta gyaɗa kai. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji, har wani kumbura na ji ina yi a kan tabarmar. Saudatu ta ce, "To, Umma." Ta juya ta mayar da littafin ɗaki, ta fito ta kawo wa baƙi ruwa a kofin silba, ta durƙusa ta miƙa musu kamar yadda na koya mata.

Abin da yake ba ni haushi da kaina shi ne wannan hutun yana cikin kwanakin da na fi jin daɗi a rayuwata. Kullum bayan La'asar mu baje a rumfa mu uku, kwamfutar a kan turmi da aka kifa aka ɗora masa faranti. Wani lokaci hadari ya taso mu kwashe da gudu mu koma ɗaki, ruwa yana dukan kwano har ba ma jin mai bayanin darasin a kwamfutar, sai mun manna kunne. Malam ya dawo daga Gagarawa da ɗanyar gyaɗa a ɗaure a bayan babur, a dafa, muna ɓarewa ina faɗa kada a zuba min ɓawo a madannai. Ranar farko da na ɗora yatsuna a kai, yaran suka yi tsit. Shekara talatin ta dawo min hannu, ina bugu ina kallon bishiyar darbejiya, su suna kallon yatsuna. Sai dai ƙarfin tafireta na zo da shi, har Bilki ta ce in tausaya wa baiwar Allah, ba ta yi min laifi ba. Yaren kuwa cike yake da wasu alamomi masu lanƙwasa kamar ƙugiya, a buɗe a rufe, in ka manta ɗaya komai ya tsaya cik. Ni ce mai farautar su, don idona ya saba kama kuskure. Ranar da shafin Bilki ya fito da hoton hannun 'yar maƙwabta, aka danna zanen ya sauya, Malam da kansa ya cire hula ya matso yana cewa a sake dannawa.

Saudatu ba ta taɓa fashi ba. Ita take kai caji, ita take ɗaukowa. In Bilki ta maƙale, ita take nuna mata inda ta ɓata, a hankali, ba gori. Amma in na ce ta karɓa ta buga, sai ta ce, "Ku ci gaba, Umma, ina gani." Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin hankali, har ina yabon ta a wurin mutane cewa autata ba ta da ƙyashi.

Malam ne kaɗai ya yi min magana. Wata safiya na kai masa kunu zaure, yana tsaye a bangonsa da gawayi a hannu. Bai juyo ba ya ce,

"Kin yi kara, ban ce ba ki yi ba. Amma da kayan wa kika yi ta?"

Raina ya ɓaci, don na san inda ya dosa. Na ce, "Malam, 'yata ce. Hutun Disamba sai a yi nata. Yarinya ce, za ta manta."

"Allah ya sa," in ji shi, ya ɗiga ɗigonsa.

Hutun Disamba ya zo, wani mai sayen riɗi a Maigatari ya ji labarin Bilki ya ce ta yi masa shafi, kwamfutar ta zama tata dare da rana. Na ce wa Saudatu ta ƙara haƙuri, ta ce ba komai. Hutu na gaba jarrabawar fita ta sha gabanta. Daga nan ciwon Malam ya taso, muka koma zaryar asibiti, kwamfutar ma ta gaji ta mutu. Saudatu ba ta sake tambaya ba ko sau ɗaya, ni kuma na lafe a bayan shirunta, tunda ya yi min daidai. Ta tafi makarantar koyon aikin jinya, ta zama ungozoma, yanzu tana Gagarawa, rabin yaran garin a hannunta suka faɗo. Ban ce rayuwarta ta lalace ba, Allah ya rufa mata asiri, kuma tana son aikinta. Bilki ta bi abin har jami'a, yau tana zaune a Kano tana yi wa mutanen da ba ta taɓa gani ba aiki. Ina alfahari da ita, kuma ko kusa ba ta da laifi a wannan labari.

Bayan rasuwar Malam da shekara guda, na tafi Gagarawa zaman jegon Saudatu na fari. Yayyenta suka ce za su ba ni mamaki, suka gyara gidan kafin in dawo. Na shigo zaure na tarar da bango sumul, an yi masa siminti an shafa shuɗin fenti. Suna tsaye suna jiran in yaba. Na yaba, na sa musu albarka, na wuce ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar jana'iza. Ba wanda ya yi da gangan, su dai zanen gawayi suka gani.

Bara ne, ina zazzage tsohon akwatin ƙarfen Saudatu don a ba wata jikata da za ta makarantar kwana, na ga koren littafin a can ƙasa, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Na zauna a bakin gado ina buɗewa. Fensir ɗin ya dusashe amma gefen layukan yana nan a miƙe. Da na kai shafukan baya sai ga layi da ɗigo. Bangon Malam ne. Ta kwafe shi kaf, jeri goma sha huɗu, layi da ɗigo, kowanne a inda yake. A ƙasa akwai jeri na goma sha biyar, na waccan daminar, ta faro shi tana bin mahaifinta kullum. Na ƙirga da yatsa, na ga ya tsaya a ranar Alhamis ɗin nan. A shafi na gaba ta rubuta "Na Baba" ta ja layi biyu a ƙarƙashi, sannan umarni ya biyo, layi ashirin da wani abu, wanda za a ba shi jerin shekara ya faɗi kwana nawa ruwa ya fi daɗewa bai sauka ba. Abin da take nufi ke nan da ta ce nata zai san ruwa.

Wannan kwamfutar da nake rubuta muku da ita Bilki ce ta ba ni. Da ta zo gaishe ni a ƙarshen watan, na ce ta sa min Python a ciki. Ta yi dariya ta ce da tsufana zan sake makaranta. Na miƙa mata littafin. Dariyar ta ɗauke, ta daɗe tana shafa bangonsa.

"Na san littafin nan, Umma. Tun ranar nake jin kamar abincin wani aka ba ni na ci. Shi ya sa ban taɓa wasa da karatun ba, kada a ce an hana ta a banza."

Ashe su biyu na ɗora wa kaya, ina tsammani ɗaya na sauke wa.

Ta ce bari ta buga min, na ce a'a. Na sa tabarau na ɗora littafin a gefe kamar yadda nake ɗora wasiƙar ofis, na buga shi da yatsuna goma, ina shigar da kowane layi ciki daidai yadda rular Saudatu ta nuna. Bilki ta nuna min inda zan danna, na danna. Rubutu ya fito a baƙin allo:

"Sannu da aiki, Baba. Shigar da jerin shekarar farko."

Na cire tabarau na goge, na mayar. Na shigar da jerin, ya ba da amsa nan take. Bilki ta bi ɗigon littafin da yatsa tana ƙirgawa, sak yadda Malam yake yi, ta ce daidai ne. Muka bi goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kuskure. Yarinya 'yar shekara goma sha shida ta rubuta shi a takarda ba tare da ta taɓa na'ura ba, kuma ko harafi ɗaya ba mu gyara ba.

Na ɗauki waya na kira ta, da rana tsaka tana wurin aiki. Na gaya mata na ga littafin, na buga na Baba, ya yi aiki.

"Na sani, Umma," ta ce. "Na bi shi da fensir ya fi sau ashirin."

Na san abin da take jira, yana nan a bakina, amma harshena ya yi nauyi. Mu ba a koya mana yadda uwa take faɗa wa 'yarta irin wannan magana ba.

"Akwai wani abu, Umma? Ina da mai naƙuda."

"Babu," na ce. "A gaishe da yara."

To, abin da baki ya kasa, yatsu sun saba yi min shi. Saudatu, naki ya kamata a yi. Na san haka tun ranar Laraba, na kuma sauya ranar Alhamis don wata mata da ko sunanta ban riƙe ba ta je ta yabe ni a garinsu. Wahalarki ta wata biyar na ɗauka na yi kyauta da ita, kuma Babanki ya tafi bai ga abin da kika yi masa ba. Ni na jawo wannan, ki yafe min.

Yayyenki su karanta da kyau, Sallar bana in an zo labarin hangen nesa wannan za a faɗa, kuma wani ne zai tattara kwanukan. Littafin yana cikin durowar gadona, ban bar kowa ya taɓa ba. Batirin wannan kwamfutar yana kaiwa yini guda. Ranar da ba ki da aiki ki shigo motar Gumel, ki zo ki danna da yatsanki, ki ga yadda yake gaishe da Babanki.